Digirin digirgir a kimiyyar siyasa: a bar yara su yi, amma su sauko mazaɓa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan an shafa fatihar auren 'yar wani maƙwabcinmu, muna zaune a rumfa ana jiran abinci, sai wani matashi ɗan unguwarmu ya zo ya durƙusa yana gaishe da dattawa. Wani ya tambaye shi inda ya ɓuya kwana biyu. Ya ce ya samu gurbin karatun digirin digirgir ne, a fannin kimiyyar siyasa. Kafin a ce masa Allah ya sa albarka, wani Alhaji da ya daɗe yana harkar jam'iyya ya karɓe zancen.

"Kai ɗana, siyasar ce sai an yi mata digiri har uku? Zo in haɗa ka da ciyaman ɗin mazaɓarmu. Ko firamare bai gama ba, amma wata guda ya ishe shi ya koya maka abin da farfesoshinku ba su sani ba."

Aka kwashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba," ya tashi ya koma wajen abokansa.

Maganar ta tsaya min a rai, don na san ba Alhaji kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. In yaro ya ce zai karanta likitanci, sai a yi ta sa masa albarka. In ya ce kimiyyar siyasa, sai a ɗauka ko dai ya rasa abin yi, ko kuma yana fakon muƙamin mai ba gwamna shawara.

Ni a ganina Arewa na cikin tsananin buƙatar mutanen da suka yi wannan karatu har ƙarshensa. Sai dai ina da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi goyon bayan nauyi a wurina: wanda zai shiga, ya shiga da wata tambaya da ke cin ransa game da yadda ake mulkinmu, ya taka ƙafa zuwa mazaɓa da ƙauye da sakatariya ya nemo amsarta. Wanda kuwa burinsa kawai a riƙa ce masa Dakta a wajen taro, gara ya riƙe kuɗinsa ya ja jari.

"Ai siyasa ba a koyonta a aji"

Ta wani gefen Alhaji bai yi ƙarya ba. Babu jami'ar da za ta koya maka yadda ake shawo kan daliget da tsakar dare, ko yadda ake sasanta 'yan takarar kansila biyu da suka fito daga zuri'a ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ma bai nemi digiri a wurin mai son shugabancin ƙasa ba, takardar sakandare ko makamanciyarta sashe na 131 ya ambata. Sardauna bai yi wannan digiri ba, Malam Aminu Kano bai yi ba, kuma babu mai cewa ba su san siyasa ba.

Amma ai ba don cin zaɓe ake yin digirin ba. Direban da ya shekara talatin yana bin hanyar Kano zuwa Legas ya san kowane rami da kowace kwana, amma ranar da inji ya soma wata ƙara da bai saba ji ba, wajen bakanike yake kai motar, kuma ba ya jin an raina masa tuƙi.

Ciyaman ya san mazaɓarsa gida-gida, wannan ba shakka. To a tambaye shi wannan: a zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista aka ce sun fito. A 2019 abin ya sauko kusan kashi 35. A 2023 ya koma kusan kashi 27. Mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma wanda ya ci zaɓen ya ci ne da ƙuri'a miliyan 8.8, wato bai samu ko mutum ɗaya cikin goma na masu rajista ba. Me ya kawo haka?

Zai ce maka mutane sun gaji da alƙawarin ƙarya. Mai yiwuwa ne. Amma mai yiwuwa kuma rajistar ce cike da sunayen matattu da waɗanda suka yi ƙaura. Mai yiwuwa alƙaluman da can ne aka hura, kafin zuwan na'urar tantance masu zaɓe, yanzu ne muke ganin ainihin yawan masu fitowa. Ga ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a watan Fabrairun 2023, ga garuruwan da 'yan bindiga suka tasa. Kowace amsa a cikin waɗannan da maganin da take nema, kuma in aka ɗauki wadda ba ita ba, an yi asarar kuɗi da shekaru huɗu. Ba a gane wadda ta fi ƙarfi daga zaman majalisa ɗaya. Sai wani ya zauna da sakamakon rumfunan zaɓe sama da 176,000 ya kwatanta na birni da na ƙauye, na inda ake zaman lafiya da na inda ake kwana a daji, sannan ya tashi ya je ya tambayi waɗanda suka ƙi fita. Wannan aiki shi ake koya wa mai digirin digirgir, in an koya masa da gaske.

Kuma mun ga ranarsa. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, masanin kimiyyar siyasa ne. A zamaninsa aka shigo da katin zaɓe na dindindin da na'urar karanta shi, kuma a zaɓen da ya shirya ne a karon farko shugaba mai ci ya faɗi ya miƙa mulki ga ɗan adawa. Ba na cewa digirinsa kaɗai ya yi wannan, akwai jajircewa da kuma ikon Allah. Amma mutumin da ya daɗe yana nazarin ta inda ake sace zaɓe ya fi sanin ƙofar da zai fara toshewa.

"Likitoci da injiniyoyi muke buƙata"

Muna buƙatarsu, ƙwarai kuwa. Sai dai a tuna Bakolori.

An gina madatsar ruwan Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a shekarun 1970. Ta fuskar injiniyanci aiki ne babba, kamfanin Italiya ne ya yi shi, an kashe maƙudan kuɗi. Amma an tashi manoma daga gonakinsu, diyya ta zo a makare kuma ba ta kai hannun da yawa daga cikin masu haƙƙi ba, wasu suka yi damina bayan damina ba su shuka komai ba. Da tura ta kai bango suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Ba siminti ne ya gaza a Bakolori ba. Abin da ya gaza shi ne shawarar wa za a tambaya kafin a fara, wa zai ƙiyasta gona, ta hannun wa diyya za ta bi, wa manomi zai kai wa kuka in an zalunce shi. Duk waɗannan tambayoyin siyasa ne. Kuma a kan wannan aiki na Bakolori Jega ya rubuta kundin digirinsa a jami'ar Northwestern ta Amurka, wanda ya kammala a 1985. Yana karatu a can, amma tambayarsa ta manoman gida ce.

Haka zancen likitoci. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan ba. Likitan da muka horar a Zariya ko Maiduguri yana tattara kayansa ya tafi Saudiyya ko Ingila, ba don bai iya aikin ba, sai don wasu sun zauna a majalisa sun yanke inda kuɗi zai tafi. In ba mu da masu bin diddigin yadda ake yanke wannan shawara, wa ke matsa lamba, wa ke cin moriya, za mu ci gaba da horar wa wasu ƙasashe likitoci da kuɗin talakawanmu.

"Ba ya kawo abinci"

A nan kam ba zan yi musu da yawa ba, kuma ina ganin zalunci ne a ɓoye wa matashi gaskiya.

A takarda, shekara uku ake cewa. A zahiri mutane na kwashe biyar, shida, har fiye. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk ɗalibin da ya faɗa tsakanin waɗannan biyun ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi yana zaune. Ga malamin da ke duba aiki, wanda ke da ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ga azuzuwan 'yan digirin farko, ga tarurruka. Babi ɗaya sai ya yi watanni a kan teburinsa. Yawancin ɗaliban kuma magidanta ne, suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu suna biyan nasu.

Bayan an gama fa? Babbar ƙofa ita ce koyarwa a jami'a, inda a mafi yawan wurare ba a kai matsayin babban malami sai da wannan digiri. Kowa kuwa ya ga halin da malaman jami'a suka shiga tun da aka cire tallafin mai a 2023, da yawa sun jingine mota sun koma hawan A Daidaita Sahu. Akwai wasu ƙofofin: cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, cibiyar nazarin dokoki ta majalisar tarayya, sashen bincike na hukumar zaɓe, ƙungiyoyi masu zaman kansu, ƙungiyar ECOWAS da Tarayyar Afirka. Amma guraben ba su da yawa, kuma sau tari sai da wanda ya tsaya maka.

Saboda haka wanda ya gama digiri na biyu ya rasa aiki, ya ce bari ya wuce na uku don kada a gan shi a zaune, ina ba shi shawara ya sake tunani. Zai fito da ƙarin shekaru da ƙarin bashi, kasuwar kuma tana nan yadda ya bar ta. Amma rashin riba ga aljihun mutum ɗaya ba ya nufin rashin amfani ga al'umma. Malaman allo da na zaure ma ba su taɓa yin arziki da karatunsu ba, kuma ba mu taɓa cewa a rufe zaurukan ba. Abin da ya kamata shi ne gwamnatocin jihohi da masu hali su ɗauki nauyin 'yan kaɗan masu hazaƙa, su biya musu har da kuɗin fita bincike, maimakon a bar kowa ya yi ta jan ƙafa da guminsa.

"Su ne suka yi wa sojoji aiki"

Wannan ƙorafin daga bakin waɗanda suka san tarihi yake fitowa, kuma yana da tushe. Janar Babangida ya kewaye kansa da masana siyasa. Da shawararsu aka kafa kwamitin tsara makomar siyasa a 1986, aka zo aka ƙirƙiri jam'iyyu biyu na gwamnati, SDP da NRC, a 1989, aka yi ta jan shirin miƙa mulki har ya ƙare da soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Wasu masanan sun ba wannan wasa rigar ilimi. A zamanin nan ma, a 2021 kotu a Akwa Ibom ta ɗaure wani farfesa shekara uku saboda sauya alƙaluman zaɓe, ko da yake shi ba siyasa ya karanta ba.

Amma a wancan zamanin dai, Farfesa Humphrey Nwosu, shi ma masanin siyasa, shi ya shirya zaɓen 12 ga Yunin da har yau ake yabo, kuma yana cikin sanar da sakamako aka tsayar da shi. Jega na jagorantar ƙungiyar malaman jami'a tana karawa da gwamnatin sojan har aka haramta ta. Kafin su akwai Dakta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero kuma mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, wanda aka kashe a gidansa a tarzomar Kano ta 10 ga Yuli, 1981. Digiri ba ya sa wa mutum tsoron Allah, ba ya kuma cire masa. Abin da yake ba shi kayan aiki ne, kuma in masu mutunci suka ƙaurace wa fannin, an bar kayan aikin kenan a hannun marasa shi.

Inda gizo ke saƙar

Da Alhaji ya ce min yawancin kundayen da ake rubutawa ba su da amfani, da sai in yi shiru, don a nan ne damuwata take.

Na taɓa shiga wani shagon buga takardu a bakin ƙofar wata jami'a. A kan benci akwai wani bawan Allah sanye da babbar riga, gabansa tulin takardun tambayoyi irin waɗanda ake raba wa jama'a don bincike. Yara biyu na zaune a ƙasa suna cike su. Ɗaya na riƙe da biro shuɗi, ɗaya baƙi, can sai su yi musaya don kada rubutun ya zama iri ɗaya. Shi kuma yana danna waya, lokaci-lokaci ya ɗago ya ce, "Ku riƙa sa 'ban yarda ba' a wasu, kada duk su zama 'na yarda'." Na leƙa kan takardar, bincike ne a kan ra'ayin masu zaɓe a wasu ƙananan hukumomi. Babu mai zaɓe ko ɗaya da ya ga takardar nan. Za a zuba amsoshin a kwamfuta, ta fitar da jadawali masu kyan gani, a ɗaure da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, a yi walima.

Ba kowa ke yin haka ba, akwai masu wahala da gaskiya, na san su. Amma ko a cikin masu gaskiyar, dubi irin batutuwan. "Tasirin kaza a kan kaza a Najeriya, 1999 zuwa 2023." Babi na biyu a jero abin da Turawa suka ce dimokuraɗiyya take nufi. A ɗauko ka'idar wani masanin Amurka ta shekarun 1950 a liƙa, ko ta dace ko ba ta dace ba, don an ce dole sai da ka'ida. A ƙarshe a ba da shawara cewa gwamnati ta yaƙi cin hanci, ta samar wa matasa aiki, ta wayar da kan jama'a. Wanda bai karanta kundin ba ma zai iya faɗa maka ƙarshensa.

Tushen abin shi ne yunwar laƙabi. Tun a 2012 shugabannin jami'o'i suka haɗu a Keffi suka amince a daina ba masu riƙe da muƙami digirin girmamawa, saboda abin ya zama ciniki. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digirin farko daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da karɓar takardun jami'o'in Benin da Togo a farkon 2024. In al'umma na girmama laƙabi fiye da abin da ke cikin kai, dole a samu masu sayar da shi, kuma kimiyyar siyasa na cikin fannonin da manya suka fi rububi, don suna ganin ba ta buƙatar ɗakin gwaje-gwaje.

Abin takaicin, ga tambayoyi nan birjik a ƙofar gidanmu. Gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019. Ta Katsina ma ta yi, daga baya Gwamna Masari ya fito ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. A ƙarshen 2024 aka ƙulla wani a Birnin Gwari. Me ya sa wani sulhun ke ɗan ɗorewa wani kuma ya rushe cikin watanni? Wa ke shiga tsakani, me ake alƙawartawa, wa ake mantawa da shi a wajen zaman? Rayukan mutane ne ke rataye a kan amsar, amma mafi yawan abin da muke da shi zato ne da cacar baki a Facebook.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wa ya je ya zauna a sakatariya guda ɗaya ya bi naira daga shigowarta har fitarta, ya ga sa hannun wa ake jira? An raba masarautar Kano a 2019, an sake haɗe ta a 2024, ana ta shari'a. Wa ya tambayi dagatai da masu unguwanni yadda wannan ya taɓa shari'ar gona da rabon gado a ƙauyukansu? Abin da ya faru a mazaɓar Gama ta Kano a zaɓen gwamna na cike gurbi na Maris 2019 kowa na da labarinsa dangane da hular da ke kansa, amma ina cikakken bincike da zai tsaya ko bayan mun shuɗe?

Har yau wanda zai yi rubutu a kan NEPU da NPC sai ya koma ga ayyukan C. S. Whitaker da John Paden, Amurkawa, da Billy Dudley, ɗan kudancin Najeriya da ya zauna a Zariya. Sun zo sun zauna da mutane, sun yi hira da sarakuna da 'yan jam'iyya, sun tona takardu. Sama da shekara hamsin kenan. Mu da muka tashi da harshen, muke da Gidan Mambayya a Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano da ya zama cibiyar bincike, da Arewa House da gidan adana takardun tarihi a Kaduna, ba mu da hujjar cike takardun tambayoyi a shago.

A gida ko a waje?

Da can wannan muhawara ce mai zafi, yanzu aljihu ya kusa kashe ta. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma waɗanda ke tafiya ba sa dawowa. Sai dai wanda ya samu jami'ar da za ta ɗauki nauyinsa gaba ɗaya, kamar yadda manyan jami'o'in Amurka ke yi wa ɗaliban digirgir.

Wanda ya samu, ya je. Zai samu horo mai tsauri a kan dabarun bincike da lissafin alƙaluma, da ɗakin karatu da ba a rufewa, da malamin da zai dawo masa da babi cikin mako biyu. Hatsarin shi ne tambayarsa ta koma irin wadda masu ba da tallafi ke son ji, ta'addanci da ƙaura zuwa Turai, ya dawo ya iya yi wa baƙi bayaninmu amma bai iya yi mana bayanin kanmu ba.

Wanda bai samu ba kuwa kada ya raina kansa. A Yamai akwai cibiyar bincike mai suna LASDEL, tun 2001 masananta ke zama a asibitoci da kotuna da ofisoshin magadan gari suna lura da yadda ma'aikata ke aiki a zahiri, saɓanin abin da doka ta rubuta. Ba su da tarin dukiya, haƙuri da littafin rubutu ne jarinsu, kuma masana daga ko'ina na karanta aikinsu. Abin da ya yiwu a Yamai ba zai gagara a Sakkwato ko Kano ba.

Roƙona ga sassan kimiyyar siyasa shi ne su rage yawan ɗaliban da suke ɗauka zuwa abin da malamansu za su iya dubawa, su kuma nemi shaidar fita bincike: muryoyin da aka naɗa, sunayen garuruwa, ranaku. Sannan a wajabta wa kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da harshen mutanen da ya yi hira da su, ya kai gidan rediyo. A Kano kowane dare sojojin baka na cika tashoshi, jama'a na saurare har a bakin teburin mai shayi. Minti goma sha biyar na wanda ya yi bincike na gaske ba zai rasa masu ji ba.

Ƙofar da maza ba sa shiga

Akwai wani sashe na siyasarmu da kusan duk kundayen suka tsallake, kuma ba don lalaci kaɗai ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan shugabar mata ta mazaɓa ana saura kwana biyu zaɓe ya san abin da nake nufi. Tsakar gida cike da katan-katan na taliya da sabulu, ga turamen atamfa jibge a kan tabarma. A cinyarta akwai littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane shafi da sunan akwati, a ƙarƙashinsa sunayen mata. Ta san wadda mijinta ya rasu bara, ta san wadda ɗanta ke kwance a asibiti, ta san wadda ta karɓi kayan ɗaya jam'iyyar jiya da daddare. Mata na shigowa da sallama, "Hajiya, ina wuni," ta ɗago ta ce, "Yauwa 'yata, ina katinki?" Ranar zaɓe layin mata ne ke fara cika, tun kafin ma'aikata su iso.

Muna kiran wannan sayen ƙuri'a mu wuce. Amma me matan nan ke ɗauka suna yi? Shin wadda ta karɓi taliya tana zaɓar wanda ya ba ta, ko tana karɓa ta dangwala inda ranta ke so? Umarnin miji take bi, ko na malamar Islamiyya, ko na Hajiyar da ta biya mata kuɗin magani watanni shida da suka wuce, lokacin da babu zaɓe babu ɗan takara? Sai a 1976 aka ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba da aka sha ɗaurewa a kanta, suka fara zaɓen ƙasa a 1979. Yau su ne ke cika layi, amma a majalisar dattawan da aka kafa a 2023, mata huɗu ne kacal cikin kujeru 109.

Namiji mai bincike iyakarsa zaure. Ko an bar shi ya shiga, amsar da za a ba shi ta baƙo ce. Wadda za ta iya zama a tabarmar nan ta yi wuni, ta dawo gobe, ta dawo bayan zaɓe da wata uku ta ji abin da ya rage na alƙawari, mace ce mai jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, wadda aka horar ta san abin da za ta tambaya da yadda za ta auna amsa. Irin waɗannan ɗalibai ba su da yawa a sassan kimiyyar siyasa na Arewa, waɗanda suka shiga kuma sukan tsaya a digiri na biyu saboda aure da reno da rashin mai biya. In akwai gwamna ko attajirin da ke neman inda zai fara sa kuɗin tallafin wannan karatu, ya fara da su, ya haɗa musu har da kuɗin mota da na mai rainon yara a watannin fita bincike.